Sassaƙar da ta yarda za ta ruɓe

Ɗauki katako guda, irin wanda kafinta ke yanka ya yi ƙafar tebur, ka juya shi a hannunka. Za ka ga wasu baƙaƙen idanu nan da can a jikinsa, waɗanda kafintoci ba sa so domin su ne ke lanƙwasa ƙusa. Kowane ido gurbin reshe ne. Ka kuma dubi bakin katakon, inda zarto ya bi. In itacen ƙasashen sanyi ne za ka ga layuka sun kewaye juna kamar zobba, kowane zobe ƙibar da bishiyar ta ƙara ce a shekara ɗaya.

A 1969 wani saurayi ɗan Italiya mai shekara 22, Giuseppe Penone, ya zauna gaban wani dogon katako da wannan tunani. Ya zaɓi zobe ɗaya, ya riƙa fere duk abin da ke wajensa a hankali, in ya iso kan ido sai ya kewaye shi ya bi reshen. Da ya gama, sai ga 'yar bishiya siririya da rassanta ta fito daga cikin katakon, yadda take tun tana ƙarama, kafin shekaru su lulluɓe ta, kafin injin yanka ya mai da ita mai kusurwa huɗu. Siffar ba daga kansa ta fito ba. Tana ciki tun da can, shi dai ya yaye mata mayafi. Fiye da shekara 50 ke nan yana wannan aiki, kuma tun ranar da na fara ganin hotonsa ban sake kallon ƙofa ko benci da idon da nake kallonsu a da ba.

Irin wannan sassaƙa nake so in kare. A yau akwai masu fasaha da yawa a duniya da suka ajiye tagulla da siminti da roba, suka koma ga itace da dutse da laka da ganye da tsumagiya da ƙanƙara, har da garin fure. Yawancin abin da suke yi ba mutum-mutumi ba ne, babu siffar mutum ko ta dabba a ciki. Da'ira ce, ko layi, ko tsibi, ko katanga, ko bishiya mai rai. Kuma duk inda aka kafa irinsa a filin jama'a, balle a ce da kuɗin jama'a aka yi, tambayar da ke fara fitowa ita ce: shekara nawa zai yi? In aka ce biyu, sai a taɓe baki a ce asara. Ni ina ganin an kamo zancen ta wutsiya. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne daga ina aka ɗebo kayan, kuma in aikin ya gama kwanansa ina za su koma.

Ban raina mai tambayar shekaru ba. Tun zamanin da, sarakuna da manyan birane sun nemi masu sassaƙa ne don kada a manta da su, shi ya sa aka zaɓi abin da ake zaton ba ya mutuwa. Sai dai wannan zato bai taɓa cika ba. Tagulla tana yin kore, dole a riƙa wanke ta ana shafa mata kakin zuma. Farin dutsen da aka sassaƙa fuskoki da shi, hayaƙin birni da ruwan sama suna lasar sa har hanci ya shafe. Ƙarfe yana tsatsa. Roba kuwa rana ce ke cin ta, ta koɗe, ta tsattsage, kuma ranar da aka ture ta sai ta zama tarkacen da ƙasa ba za ta iya haɗiyewa ba. Shi kansa siminti, haɗa shi kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki sama. Komai yana da ranar ƙarewa. Bambancin yana ga yadda abu ke ƙarewa da kuma abin da yake bari a baya. Ga kuma wata gaskiya da duk mai yawo a birni ya sani: akwai manyan siffofi a tsakiyar shataletale da suka shekara 40 a tsaye, dubban mutane na wucewa kullum, babu mai ɗaga kai. Daɗewarsu ba ta sa an gan su ba.

Andy Goldsworthy, wanda aka haifa a Ingila a 1956 kuma yake zaune a karkarar Sikotland, shi ne sunan da aka fi sani a wannan fage. Yakan fita da sassafe hannu rabbana, ya yi aiki da abin da ya tarar. Yakan ɗinke ganye da ƙaya. Yakan karya sandunan ƙanƙara da haƙori, ya jiƙa bakinsu ya manna su da juna, sanyi ya kama su, su tsaya a jikin dutse ko bishiya har rana ta fito ta narkar da su. Yakan jera duwatsu a bakin teku ya yi wani abu mai siffar ƙwai, ya tsaya yana kallo ruwa ya taso ya rufe shi. In aka fara yayyafi yakan kwanta a kan busasshiyar ƙasa, ya jira ta jiƙe, ya tashi ya bar inuwarsa a bushe, kafin minti kaɗan ta ɓace.

Mai jin labari zai ce wasan yara ne. Na taɓa gwadawa, shi ya sa ba zan faɗi haka ba. Wata safiya na tsince ganyen da suka zubo ƙarƙashin wata bishiya, na ce bari in jera su daga mafi kore zuwa mafi bushewa, in ɗinke su da ƙaya. A zatona launi uku ne: kore, rawaya, ruwan ƙasa. Da na durƙusa na fara warewa sai na ƙirga fiye da goma, akwai wanda gefensa ya yi rawaya amma jijiyarsa na nan kore shar, akwai wanda tsutsa ta ci ta bar shi kamar raga. Busasshe, da ƙaya ta taɓa shi sai ya ruguje. Ɗanye sharaf kuma sai ya yage ya bi jijiya. Wanda ya fara yaushi kaɗai ke riƙe ƙaya, shi ma sai an soke shi dab da jijiyar tsakiya. Iska ta watsa mini aikin sau biyu. Kafin rana ta take, abin da na samu na haɗa duk ya nannaɗe. Na shekara da shekaru ina wucewa ta ƙarƙashin bishiyar nan, amma a wannan safiya na san ta. Wanda ya yi shekara 40 yana irin wannan durƙuso ya san ganye da dutse da sanyi sanin da ba a samu a littafi, kuma wannan sani ne ake gani a aikinsa.

Akwai suka mai nauyi da ake yi wa irin su Goldsworthy, kuma bai kamata a kauce mata ba. Ana cewa: kun ce aikinku na ɗan lokaci ne, ba na sayarwa ba, to ga hotunansa ana bugawa a manyan littattafai masu tsada, ana rataye su a ɗakunan attajirai. Ashe ganyen ne kawai ya ruɓe, haja tana nan. Akwai gaskiya a ciki. Tun daga 1967, lokacin da Richard Long yana ɗalibi ya yi ta kai da komo a wani fili har sawunsa ya kwantar da ciyawa ya yi miƙaƙƙen layi, ya ɗauki hoto ya tafi, hoto ya zama ƙafar da wannan fasaha ke tafiya da ita. Ciyawar ta miƙe cikin kwanaki, hoton ya shiga tarihi. Amma ban ga yaudara a nan ba. Mai fasaha shi ma yana da bakin ci, kuma gara ya sayar da takarda ya bar filin yadda ya same shi, da ya sayar da filin. Inda nake ganin matsala shi ne in hoton ya zama shi ne manufa, a tsara abu don kyamara kawai, a tsinke furannin da ba su faɗo ba, a karya reshe mai rai saboda launinsa ya dace.

Masu cewa kayan halitta ba sa daɗewa kuma sun manta da bishiya. A 1982, a babban baje kolin fasaha na documenta da ake yi a birnin Kassel na Jamus, mai fasaha Bajamushe Joseph Beuys ya sa aka jibge dogayen baƙaƙen duwatsu 7,000 a dandalin da ke gaban gidan baje kolin. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba za a ɗauke dutse ba sai an dasa bishiya a wani wuri cikin birnin, a kafa dutsen a gefenta. Mutanen gari da yawa suka fusata, suna ganin an mai da musu dandali juji. To amma hanyar kawar da tsibin guda ce, a yi dashe. Shekara biyar aka yi ana yi. Beuys ya rasu a Janairun 1986 bai ga ƙarshe ba, ɗansa ne ya dasa ta 7,000 a 1987, kusa da ta farko. A ranar dashe dutsen ya fi bishiyar cika ido. Yau bishiyoyin sun yi rumfa a kan titunan Kassel, dutsen ya koma ɗan ƙaramin aboki a gindinsu. Wace tagulla ce ke ƙara girma kowace shekara, ta ba da inuwa, tsuntsu ya yi sheƙa a kanta?

Agnes Denes ta bi irin wannan hanya. A 1982 ta shuka alkama eka biyu a wani filin da aka cike da baraguzai a Manhattan, dab da unguwar manyan bankunan Niyok, ta yi noma ta girbe. Daga baya, a Ylöjärvi ta ƙasar Finland, aka tara tudu aka dasa masa bishiya 11,000 bisa tsarin da ta zana, aka ƙaddamar da shi a 1996, da alkawarin kare shi shekara 400. Duk wanda ke neman abin da zai daɗe, ga shi nan.

Har wanda ba ya daɗewar ma yana da abin da yake bari. Patrick Dougherty, Ba'amurke, ya yi ayyuka fiye da 300 da tsumagiya zalla. A shekarun da ya yi yana wannan aiki, yakan zo gari ya yi mako uku, ya tara masu sa kai, su saro ƙananan rassa daga inda dama ake son a rage su, su saƙa manyan bukkoki da hasumiyoyi masu ƙofofi da tagogi, ba ƙusa ba waya, tsumagiya ce ke riƙe 'yar'uwarta. Yara su shiga su fita. Bayan kamar shekara biyu abin ya fara zubewa, a niƙe shi a zuba wa shuke-shuke. Wanda ya sa hannu a saƙar ba zai manta ba, kuma filin ya koma fili, wani ma ya zo ya gwada nasa. Birni wuri ne da sababbin mutane ke shigowa kullum. Ban ga dalilin da zai sa mutanen zamani guda su mallake kowane dandali har abada da abin da su kaɗai ya burge ba.

To, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A wannan fage akwai abin da ke damuna ƙwarai, kuma shi ne ya sa na ce a tambayi inda aka ɗebo kaya. Kalmar "na halitta" ta zama kamar takardar wanke laifi. Da an ce aiki da dutse ko itace ko ƙanƙara aka yi shi, sai kowa ya ɗauka abokin ƙasa ne. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Tsakanin 1969 da 1970 Michael Heizer ya shiga hamadar Nevada da nakiya da katafila, ya yanka manyan ramuka biyu masu fuskantar juna a bakin wani tsauni, ya ture dutse da ƙasa tan 240,000. A 2012 kuma aka ɗauko masa dutse guda mai nauyin tan 340 daga wata mahaƙa, aka yi dare 11 ana jan sa a kan wata doguwar mota ta musamman, ana kwance fitilun hanya da wayoyin lantarki don ya wuce, har gidan adana kayan fasaha na Los Angeles. Dutse dai na halitta ne, babu musu. Amma hannun da ya yi wannan aiki hannun mai haƙar ma'adinai ne, wanda ke ganin ƙasa a matsayin abin da za a nuna wa ƙarfi. Ina ganin girman abin, ba na kuma musun cewa tsayawa a cikin ramin nan na iya girgiza mutum. Sai dai ba zan sa shi a layi ɗaya da mai ɗinka ganye ba don kawai dukkansu ba su taɓa roba ba.

Aikin Robert Smithson mai suna Spiral Jetty ya fi ba ni wahalar yanke hukunci. A watan Afrilun 1970 ya sa tifofi suka zuba baƙin dutse da ƙasa fiye da tan 6,000 a cikin babban tafkin gishiri na jihar Utah, aka yi hanya mai tsawon mita 457 da ta naɗe kanta kamar gammo. Shi ma aikin inji ne. Amma daga bakin tafkin aka kwashi kayan, a nan kuma suka zauna, sannan ya bar wa ruwan ragamar abin. Bayan shekara biyu tafkin ya cika ya haɗiye shi. Smithson ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1973. Kusan shekara 30 aikin na ƙarƙashin ruwa, sai a 2002 fari ya fito da shi, gishiri ya yi masa farin rawani. A 2022 tafkin ya ja baya fiye da duk yadda aka taɓa aunawa, saboda fari da kuma yawan ruwan da ake karkatarwa gonaki da birane tun kafin ya iso. Yau naɗin yana kwance a busasshiyar ƙasa, ruwan ya yi nisa. Abin da aka gina don kallo ya zama ma'aunin da ke nuna wa kowa tafki yana mutuwa. Wannan ba zai yiwu ba da an kewaye shi da siminti don a kare shi.

Sai kuma ƙanƙarar mai fasaha Olafur Eliasson. Shi da masanin duwatsu Minik Rosing sun kwaso manyan curin ƙanƙara daga tekun da ke kusa da Nuuk a Girinland, suka jera 12 kamar fuskar agogo a Kofanhagin a 2014, suka maimaita a Faris a 2015 lokacin babban taron sauyin yanayi, sannan suka kai 30 Landan a 2018, don mutane su ga narkewarta da idonsu. In za a yi adalci, ƙanƙarar ta riga ta ɓalle tana yawo a ruwa kafin a kamo ta, kuma mutane sun rungume ta, sun kara kunne sun ji ƙarar tsohuwar iskar da ke fita daga cikinta, wasu sun yi hawaye. Gani ya kori ji. Duk da haka, a kwantena masu sanyi aka ɗauko ta, a jirgin ruwa da manyan motoci, dubban kilomita, ana ƙona mai don a yi wa'azi a kan illar ƙona mai. Na daɗe ina juya abin a raina, kuma har yanzu ban gamsu cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba.

Ɓarnar ba ta tsaya ga manya ba. Hotunan duwatsun da aka ɗora kan juna sun cika Instagram, yanzu duk bakin rafi ko tekun da masu yawon buɗe ido ke zuwa sai ka tarar da ɗaruruwan 'yan hasumiyoyi. Na taɓa ɗaga wani faffaɗan dutse a cikin rafi mai ruwa garai-garai, na juya shi. Ƙasansa santsi ne, ga wasu 'yan kwararo da tsutsotsi suka gina da ƙwayoyin yashi suka manna a jiki, ga ƙwai a cikin wani abu mai yauƙi, ga wasu ƙananan halittu suna gudu neman duhu. Kafin in gama kallo gefen da rana ta taɓa ya fara bushewa. Na mayar da shi yadda yake. Dutse ɗaya ke nan, gari guda. Hukumar kula da gandayen daji ta Amurka ta sha roƙon baƙi su daina wannan ɗore-ɗore, domin yana rusa mazaunin ƙananan halittu, yana sa ƙasa zaizayewa, yana kuma ɓatar da matafiya a wuraren da tsibin duwatsu ne alamar hanya. Abin da mutum ɗaya mai lura ya yi ya rushe kafin ya tafi, in mutum dubu suka kwaikwaya ba da lura ba, ya zama annoba.

Kada kuma a manta hauren giwa ma kayan halitta ne, masu sassaƙa sun yi ƙarnoni suna ƙaunarsa, har sai da aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989 ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, bayan an kashe giwayen Afirka ba adadi. A 2017 aka tsaurara dokar a kan jajayen katakai masu tsada da ake kira rosewood, saboda an kusa share su daga dazuzzuka da dama. Kyan itace a ɗakin baje koli ba ya gaya maka ko kututturen da aka bari a daji zai sake tofo.

Shi ya sa ma nake ganin wani lokaci wanda bai taɓa kayan halitta ba ya fi kusa da ruhin abin. El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun daga 1975, ya yi shekaru yana aiki da laka da itace, yana yanka katako da zarton inji yana ƙona shi da wuta. Amma abin da ya kai sunansa ko'ina, har aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a babban baje kolin fasaha na Venice a 2015, marafan kwalabe ne da aka yar, ake daddaɓe su a ɗinke da wayar tagulla su zama kamar manyan zannuwa. Bai sare komai ba, bai haƙa komai ba. Ita kuwa Maya Lin ta nuna yadda ake yi da itace ba tare da an ci amanar daji ba. A 2021 ta kafa matattun bishiyoyi 49 a wani lambu a tsakiyar Niyok, dogaye, babu ganye ko ɗaya, tsakanin bishiyoyi masu rai. Daga dajin New Jersey aka kawo su, inda ruwan gishiri ya kutsa ya kashe su a tsaye, dama za a share su. Bayan wata shida aka sauke su, aka ba wa matasa masu koyon sassaƙa kwalekwale katakon. An san inda suka fito, an san inda suka tafi.

Gidajen adana kayan fasaha su ma suna da nasu nauyi. An gina su ne don su hana abu lalacewa, to yaya za su yi da aikin da lalacewa na cikin jininsa? Hanya mafi sauƙi ita ce a yi masa feshin magani, a dulmiya shi a cikin roba mai ƙyalli, a kulle a gilashi. A ganina wannan kashe shi ne a ajiye gawar. Akwai hanyar da ta fi, sai dai tana son haƙuri. A wani bene a Niyok akwai ɗakin da Walter De Maria ya cika da baƙar ƙasa a 1977, zurfinta santimita 56, nauyinta ya haura tan 120. Har yau tana nan, domin ana ba ta ruwa ana bi da manjagara a kai a kai, ana cire naman kaza in ya tsiro, kuma mutum ɗaya ya yi fiye da shekara 30 yana wannan hidima. Wolfgang Laib, Bajamushen da ya karanta likitanci ya bar shi, yakan bi bishiyoyi da furannin da ke kewaye da ƙauyensu a kudancin Jamus yana kaɗa garin fure cikin kwalba da yatsa, kakar fure guda ba ta ba shi sai 'yan kwalabe. A 2013 ya tankaɗe abin da ya tara na shekaru a daɓen gidan fasahar zamani na Niyok, ya yi shimfiɗa rawaya mai haske, kamar mita biyar da rabi a mita shida. Da aka gama baje kolin ya share abinsa, ya tace, ya mayar cikin kwalabe. Irin wannan aiki kulawa yake nema, yadda gona ke nema.

Saboda haka ga hukumar birni ko jami'a ko kamfanin da ke shirin ba da kwangilar sassaƙa, ina goyon bayan su ba masu itace da laka da tsumagiya dama, kada tsoron ruɓewa ya hana su. Amma a rubuta a takarda tun farko daga wane daji ko wace mahaƙa kayan za su fito, wa ya ba da izini, a wace mota za a kawo su, wa zai riƙa dubawa kada reshe ya faɗo wa yaro, kuma ranar da aikin ya gaji a ina za a kwantar da shi. A kuma gaya wa jama'a gaskiya a allon da ke gefensa, cewa wannan abu na shekara biyu ne ko biyar, ku zo ku gan shi yanzu, ku dawo ku ga yadda ya sauya. Mutane ba sa jin an cuce su in an faɗa musu tun da wuri.

David Nash, wanda ke zaune a garin Blaenau Ffestiniog a arewacin Wales, ya dasa bishiyoyin ash 22 a da'ira a 1977, a lokacin da ake zaman ɗar-ɗar na yaƙin cacar baka, mutane na shakkar ko duniya za ta ga sabon ƙarni. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: shekara da shekaru yana yi musu aski, yana tsaga su kaɗan yana lanƙwasawa, har suka karkata gaba ɗaya kamar masu rawa suka haɗa kai a sama suka yi rumfa. Bai bayyana wa jama'a inda wurin yake ba, don kada sawu ya kashe saiwoyin. Sai ga wata cutar funfuna da aka fara tabbatarwa a Birtaniya a 2012, mai kashe irin wannan bishiya, ta iso kansu. Aikin da ya yi wa hidimar shekara 40 yana mutuwa a gabansa. Ya dasa bishiyoyin oak a kewayensu, waɗanda ya san ba zai ga girmansu ba.

Yana da wani aikin kuma. A 1978 ya samu wata tsohuwar bishiyar oak da aka sare, ya fere wani ƙaton curi daga gindinta, mai kama da dutse. Ya yi niyyar gangarar da shi ta cikin rafi ya kai wurin aikinsa, sai curin ya maƙale a tsakanin duwatsu. Ya duba ya ga wurin ya karɓe shi, ya bar shi. Daga nan duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi sai curin ya matsa gaba, Nash yana bin sa yana zana shi yana ɗaukar hoto, ya yi baƙi, gansakuka ta hau shi, ƙanƙara ta rufe shi ta narke. Ya yi shekaru a ƙarƙashin gada, ya shiga kogin Dwyryd, ruwan teku ya riƙa kai shi yana dawo da shi. A 2003 ya ɓace, aka ɗauka ya tafi teku. A 2013 aka sake ganin sa a cikin kogin, ya zauna kamar shekara biyu a wurin. Ganin ƙarshe da aka yi masa a 2015 ne.